Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ECOWAS da na AES, daga wani ɗan bakin boda

Assalamu alaikum warahmatullah.

Masu girma shugabanni, ranku ya daɗe. Da ku da ke zama a Abuja da sunan ECOWAS, ko Sedeyawo kaman yadda dangin mahaifiyata ke faɗi, da ku na Yamai da Bamako da Wagadugu da kuka kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, duk ku nake nufi da wannan takarda, shi yasa ban raba ta biyu ba. Ni ɗan Jibiya ne a jihar Katsina, mahaifina a nan aka haife shi, mahaifiyata kuma 'yar Maraɗi ce, sana'ata hatsi da wake, a 1975 aka haife ni wato shekarar da aka kafa ECOWAS ɗin kanta a Legas. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, dan Allah ku karanta da haƙuri.

Akwai wani tsohon gwangwani da kakana ya bari a ƙasan akwatinsa, yanzu yana hannuna. Cikinsa akwai wuri guda tara da suka yi jawur don tsufa, da anini mai huji a tsakiya, da sule biyu masu kan sarauniyar Ingila, da wata tsohuwar dala ta Faransa, sai 'yan kwabban da aka fara bugawa lokacin da naira ta shigo a 1973. Muna yara yakan zazzage su a kan buzu bayan la'asar ya ce mu ƙirga, in mun gama ya ce to duk mai kuɗin nan da kuke gani sai da ya karɓi haraji a hannunmu, kuma babu wanda ya zo yana tunanin wata rana zai tafi. A lokacin wasa muka ɗauka. Sai da aka rufe boda a 2023 na koma na buɗe gwangwanin nan ni kaɗai, a ranan na gane abun da tsohon yake nufi.

Ku dubi wannan 'yar tazarar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu in babu shingaye, ku ƙirga irin mulkin da ya bi ta kanta cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai. Da fari sarautun Hausa ne, kowane birni da ganuwarsa da sarkinsa, Katsina, Gobir, Kano, Zazzau, Daura. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, sai ga wani sabon tsari wanda ƙasar Hausa bata taɓa gani ba, sarakuna masu tuta sun kai talatin ko fiye suna mubaya'a ga Sarkin Musulmi guda, daga Sakkwato da Gwandu har Adamawa da Ilorin. Sarakunan Katsina da aka kora suka yi arewa suka zauna Maraɗi, shi yasa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su. Kuma kar wani ya ce muku kafin Turawa zaman lafiya ake yi lumui, wlh ba haka bane, shekara da shekaru ana kai hari tsakanin Maraɗi da Katsina ana kame mutane, tsofaffinmu har yanzu in sun ambaci Ɗanbaskore sai sun sassauta murya. Amma duk da wannan gaba fatake basu fasa wucewa da kanwa da gishiri da goro ba, auratayya bata tsaya ba, almajiri bai fasa tafiya gabas neman karatu ba.

Sai Turawa. An zauna a Balin ta Jamus daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885, babu ɗan Afirka ko ɗaya da aka ba kujera. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara har Barruwa a tafkin Chadi, a 1898 suka ga bai yi musu ba suka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Faransa ta yi ƙorafin cewa an bar ta da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, a 1904 da 1906 aka sake matsar da layin. Ku lura fa ranku ya daɗe, ba don dangi ko masarauta ko gonar wani aka matsar da shi ba, don ayarin sojan Faransa ya samu ruwan sha a hanya ne. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa duwatsun iyaka. Wannan layin, wanda sai da aka yi ta gogewa ana sake zanawa kafin ya tsaya, shi ne yau ake ce mana abu ne mai tsarki da za a hana mutum zuwa jana'izar kawunsa saboda shi.

Kakana a can gefen aka haife shi. Aikin dole na Faransa ne ya koro shi yana saurayi, ya ce ana zuwa a ɗebi samarin gari a tafi da su fasa hanya da ɗaukan kaya babu ko anini, sai da aka kai 1946 aka soke wannan doka. Cikin dare ya tsallako da jaki ɗaya, da gari ya waye ya zama talakan Ingila. A 1960 kuma aka ce masa yanzu shi ɗan Nijeriya ne, ƙanensa da ya bari a gida ɗan Nijar, Nijar ta samu 'yanci 3 ga Agusta, Nijeriya 1 ga Oktoba. Babu wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu.

Abun da nake so ku gani shi ne wannan abu da ake kira ƙasa, mai tuta da take da fasfo da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, a wajenmu sabon abu ne fil, akwai dattijai da yawa a layin gidanmu da suka girme shi. Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta yi kusan shekara ɗari kafin a ci ta a 1903, ƙasashenmu basu kai haka ba tukuna. Kuma ba mu kaɗai bane. Lokacin da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 ƙasashe 51 ne, yau 193. Halifancin Turkiyya da aka ɗauka ba zai taɓa gushewa ba an soke shi a 1924. Tarayyar Sobiyet da duniya ke tsoro, muna ji a rediyo a ƙarshen 1991 ta tsage gida 15. Sudan, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, a 2011 ta rabu biyu. Ku kanku mutanen Burkina, a 1932 Faransa ta share ƙasarku daga taswira gaba ɗaya ta rarraba ta tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa (wato Mali ta yau) da Nijar, sai a 1947 aka dawo da ita. Mali da Senegal tare suka karɓi 'yanci a Yunin 1960 a matsayin tarayya guda, wata biyu kacal aka watse. Senegal da Gambiya ma sun gwada daga 1982 zuwa 1989. Sarki goma zamani goma.

Toh tunda haka ne ni ban ɗauki ficewar ƙasashe uku daga ECOWAS a matsayin tashin duniya ba, kuma ban ɗauki AES a matsayin abun da zai dawwama har abada ba. Wataƙila ta yi ƙarfi ta zama ƙasa guda mai kuɗinta, wataƙila ta watse kaman na baya, wataƙila jikokinmu su ga wani tsarin da ni da ku bamu ma iya hasashensa. Allah kaɗai ya sani. Abun da ke hana ni barci daban ne. Duk lokacin da irin wannan sauyi ya zo, a jikinmu mu mutanen bakin iyaka ake gwada shi.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum. Ranar 30 ga wata kuka zauna a Abuja kuka saka takunkumi, aka rufe boda, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar wadda ita ce mafi yawan wutar da suke sha, aka ba da wa'adin kwana bakwai ko a shiga da yaƙi. A lokacin kawuna, yayan mahaifiyata, yana kwance a Maraɗi da ciwon suga, maganinsa na allura sai a firij ake ajiyewa, wuta ta koma sai a yi yini ba a ganta ba, ɗansa ya dinga yawo neman ƙanƙara yana sawa a kula. A Katsina yake ganin likita duk wata, hanya ta toshe. Ranar da aka bugo min cewa jiki ya yi tsanani na ɗauki mahaifiyata, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, na ɗora ta bayan mashin muka bi ta cikin gonaki, damina ce gero ya kai ƙirji, taɓo har gwiwa, sau biyu muna sauka tana takawa da ƙafa tana riƙe da kafaɗata, a wani wuri aka tsare mu kusan awa uku sai da na zazzage abun da ke aljihuna. Mun shiga gari bayan la'asar, mun tarar an dawo daga maƙabarta. Bata yi kuka a wajen ba, sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ta ce min, a gidan nan fa aka yanke min cibi. Ban ce takunkumi ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma abun da ya hana ta ganin fuskar ɗan'uwanta ba ciwo bane.

A bakin boda kuwa tireloli ne jere har inda ido ya tsaya, albasa na ruɓewa tana tsiyayar da ruwa a kwalta, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. 'Yan dako, 'yan canji, masu sai da abinci, masu faci, duk aka zauna. Shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabi a can, dabbobi da wake suka yi wuya a nan. Wanda aka yi takunkumin dominsa ko wuta ba a ɗauke masa ba, yana da janareta. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka janye, bayan wata kusan bakwai, kuma ba a dawo da Bazoum ba, ba a samu komai ba sai ƙiyayya da ficewar ƙasa uku. Ba wannan ne karon farko ba ma, an rufe mana ita daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an rufe a 1984 daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, tsofaffin Nijar basu manta da wannan yunwa ba.

Akwai wani abu da ya faru a watan Agustan 2023 wanda nake ganin baku tsaya kun yi nazarinsa ba. Tawagar farko da ECOWAS ta tura Yamai, duk da akwai Janar Abdussalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi a ciki, bata samu ganin Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ba, saboda rigar ECOWAS ta sanyo. Wa ya fara samun shiga daga Nijeriya? Sarki Sanusi, da ya je tare da Sarkin Damagaram. Bayansa sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Sanatocin Arewa suka fito suka ce basu yarda a yaƙi Nijar ba, limamai suka yi ta huɗuba da alƙunutu daga Sakkwato har Maiduguri. Wato ranar da sabon tsari ya cije, ofis da yarjejeniya da wasiƙun jakadanci duk suka kasa, tsohon tsari ne ya buɗe ƙofa, rawani da allo da zumunta. Waɗannan abubuwan sun ga wucewar wuri da anini da sule, kuma ina da yaƙinin za su ga wucewar duk abun da kuke ginawa yanzu. Amma a takardunku babu kujerarsu, sai wuta ta kama ake tuna su.

Ku na ECOWAS, gaskiya ɗaya ce, kun yi abun kirki kuma ba zan ɓoye ba. Yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin nan damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 babu biza, ita ce abu mafi amfani da wata ƙungiya ta taɓa yi wa talakan Afirka ta Yamma, da ita na je Kumasi na je Lome ban taɓa taka ofishin jakadanci ba. Gowon da Eyadema da suka yi ta zagaye ƙasashe kafin 1975 Allah ya saka musu. Sojojinmu sun mutu a Laberiya da Saliyo. Amma a hankali kuka zama inuwar giginya. Kuɗin bai ɗaya na Eco tun ina saurayi ake ɗaga ranarsa. A 2015 aka kawo shawarar kowane shugaba ya tsaya a wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. A 2020 aka yi tazarce a Gini da Kodebuwa, mutane suka mutu a titi, bamu ga an rufe boda ko an yanke wuta ba. In mai babbar riga ya murɗe kundin tsarin mulki sai a aika masa da sakon taya murna, in mai kaki ya yi da bindiga sai a hukunta talakawansa. Yaran da kuka gani suna ɗaga tutar Rasha a Yamai ba Rasha suka sani ba, wannan bambancin suka gani.

Ku kuma na AES, ban zo in yi muku daɗin baki ba. Na fahimci zafin da ke ranku game da Faransa, wanda ya san kisan da sojan Faransa suka yi a Birnin Ƙonni a 1899, ya san yuraniyom ɗin Arlit da duhun da ƙauyukan Nijar ke kwana ciki, ya san yadda aka karya darajar sefa rabi a dare ɗaya a Janairun 1994, ba zai ce fushin nan na banza bane. Kun sa hannu a yarjejeniyarku ranar 16 ga Satumbar 2023, kun mai da ita haɗaka a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024, kun fice a hukumance 29 ga Janairun 2025, kun fito da fasfonku. Amma 'yancin ƙasa ba ya cika in ɗan ƙasa ba zai iya buɗe baki ba. An rushe jam'iyyu, an ƙara wa'adin mulki shekara biyar babu zaɓe, an tsare Bazoum da matarsa ba shari'a, 'yan jarida na shiga tsoro. Kuma korar baƙo ɗaya a kira wani baƙon daga wata nahiyar, kakana ya ga irinsa, ya ce sirdi ne kawai ake canzawa.

Yayin da kuke ta musayar sanarwa, akwai wasu da ke gina nasu mulkin a dajin da ke tsakaninku, su ne suka fi ba ni tsoro. A ƙauyukanmu na Katsina da Zamfara da gabashin Sakkwato ɗan bindiga ne ke yanka wa gari haraji kafin a yi noma, a biya wani kafin a girbe, shi ke raba gardama shi ke yanke tara. A Tangaza da Gudu, Gudun nan dai da Shehu ya yi hijira, Lakurawa ne ke karɓan zakkar shanu da bakin bindiga. Shin wannan ba shi bane yadda kowace hukuma ke farawa, haraji da hukunci da makami? Su babu ruwansu da dutsen iyaka, yau suna Madarunfa gobe suna Batsari. Sojan Nijeriya in ya biyo su ya iso layi sai ya tsaya, na Nijar ma haka, ga shi a Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Dubban mutanenmu da suka gudu tun 2019 a ƙauyukan jihar Maraɗi aka karɓe su aka raba tuwo da su, babu wanda ya tambaye su fasfo. Boda dai mai gaskiya kawai take tsarewa.

Su Turawan da suka ja mana layin ku duba abun da suka yi da nasu. Faransa da Jamus sun gwabza a 1870 da 1914 da 1939, amma a 1951 suka haɗa kasuwar gawayi da ƙarfe su ƙasa shida, a 1995 suka fara cire shingaye a tsakaninsu. Wanda ma ya fi kama da halinmu shi ne Birtaniya, ta ƙaɗa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, ta fita a 2020, an yi faɗa an yi zage-zage shekara huɗu, amma akwai abu ɗaya da ɓangarorin biyu suka amince ba za a taɓa ba, wato iyakar da ta raba tsibirin Ayalan, saboda sun san mutanen gefe da gefe dangi ne kuma an zubar da jini kafin sulhun 1998. Aka nemo dabara, har yau babu shingen kwastam a kan wannan layin. In su sun iya rabuwa ba tare da sun yanka zumuntar mutanensu ba me zai hana ku?

Na san kowannenku ya fitar da sanarwa cewa za a ci gaba da shige da fice babu biza. Mun gode. Amma ta ECOWAS cewa ta yi har sai an ga abun da hali ya yi, ta AES kuma ta ajiye wa kanta ikon hana wanda ta ga dama, kuma sanarwa abu ce da ake janyewa da wata sanarwar cikin dare ɗaya. Roƙona ku zauna ku rubuta yarjejeniya guda a tsakaninku, ku sa hannu, cewa duk rigimar da za ta taso nan gaba, juyin mulki ne ko zaɓe ne ko cacar baki, ba za a sake rufe iyaka ga mutane da abinci da magani ba, ba za a sake yanke wuta ba. In za a hukunta shugaba a bi asusunsa da jirginsa da gidajensa na waje. Jihohi bakwai ne a Nijeriya ke jingine da Nijar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, kusan kilomita 1,500, akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971 mai ofis a Yamai, ku farfaɗo da ita ku sa sarakunan iyaka da malamai da shugabannin kasuwa da na makiyaya da mata masu sana'a a ciki da kujera ta dindindin, ba sai ranar da aka rasa mafita ba. A bar sojojin gefe biyu su dinga magana da juna ko da shugabanninsu basa gaisawa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ta garinmu zai bi, dan Allah kar siyasa ta cinye shi.

Mahaifiyata tana nan da rai alhamdulillah, tana so in kai ta Maraɗi bikin jikar marigayin bayan sallah, jiya ma sai da ta sake tambayata ko hanya a buɗe take. Na ce mata a buɗe take Inna. Ta ce har zuwa lokacin? Wannan ne na kasa amsa mata, shi yasa na rubuto muku.

Allah ya yi muku jagora, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Wassalam,
Naku, wani ɗan kasuwar hatsi daga Jibiya.